Neman shawara: ƙwayoyin jinin Baba sun hau, amma gwaji bai nuna tsutsa ba

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 68, kuma duk rayuwarsa a noma ya yi ta a yankin Jazira na ƙasar Sudan, kullum yana cikin ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, ba takalmi, har yaƙi ya kore su daga Wad Madani a ƙarshen 2023, suka yi watanni a Gadarif a gidan ƙanwarsa, sannan da ƙyar na samo masa biza. Tun zuwansa yake tari da shessheƙa da dare, ga ƙaiƙayi a cinyoyi. Gwajin jini ya nuna wasu fararen ƙwayoyi da ake kira iyosinofil sun kai 1,800, alhali bai kamata su wuce 500 ba, amma ba a ga komai a bayan gidansa ba. Likita ya ce asma ce, ya rubuta kotizon, maganin da ke rage kumburi. Hankalina ya ƙi kwanciya, don Allah ku ba ni shawara.

Baban Zainab: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ko da tsutsa ce ka ƙyale ta, domin masana sun tabbatar cewa tana ƙarfafa ƙwayoyin da ke lallashin garkuwar jiki don kada ta yi fushi fiye da kima, wasu ma na ganin shi ya sa asma ta fi yawa a birane masu tsafta. 

Hajiya, Makka: Allah ya ba Baba lafiya. Ka sayi maganin tsutsa na albendazol a saidaliyya, wato kantin magani, kowa a gidan ya sha. Ni dai na gaji da gwaje-gwajen nan, don bara na biya kuɗin gwaji sau uku saboda inshorata ta ƙare tare da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma har yau ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Bur Sudan: Malam, maganar Yaya Baban Zainab tana da tushe, amma tsutsar don kanta take lallashin garkuwar, don ta daɗe a hanji. Jiki kuwa yana yaƙarta da iyosinofil da sinadarin kariya na IgE, waɗanda su ne kuma suke hawa a asma, shi ya sa ake rikita biyun. Abin da nake tsoro shi ne wata tsutsa mai suna istironjiloidis, wadda ke huda fatar ƙafa ta shiga, take hayayyafa a jikin mutum shekaru masu yawa, kuma sau da yawa gwajin bayan gida guda ɗaya ba ya kama ta. Kotizon yana danne ainihin ƙwayoyin da ke riƙe da ita, sai ta bazu zuwa huhu da jini, abin da yakan kai ga rasa rai. Maganin ibamektin ya fi albendazol tasiri a kanta. A nemi gwajin jini na gano wannan tsutsa, a kuma duba tsargiya tunda manomin Jazira ne. Ya fara shan kotizon ɗin?

Mai tambaya: Yau kwana 9. Kada a ɗauka sakaci na yi, domin duk wanda ya ga yadda Baba yake kokawa da numfashi da asuba ba zai jira wani gwaji ba, kuma ga shi yana samun barci yanzu.

Baban Zainab: Ka gani! Sauƙi ya samu, mu da muka tashi a garin Mai Wurno na Sudan wane ne bai yi tsutsa ba?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Kada ka tsayar da maganin da kanka, amma ka koma wurin likitan gobe ka faɗa masa aikin da Baba ya yi.

Mai tambaya: Likitan bai tambaye ni sana'arsa ba, kuma ranar da aka ba mu ta komawa sai bayan mako uku.