Karyata ta ƙi shiga tano tun da wani kare ya danne ta, in bar ajin ne?

Baban Nana, Yantala:
Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nike nema. Ina da karya irin ta Azawak, daga wajen Abalak aka kawo mini ita tana ƴar kwikwiya, yanzu shekararta biyu, sunanta Guguwa. Mu bakwai ne ke haɗuwa duk Asabar da safe a wani fili bayan Gudel muna koya ma karnuka tsallake-tsallake, abin nan da ake ce ma ajiliti. Kayanmu duk haɗin gida ne, tiyo na roba da muka kakkafa, taya a rataye, da tano uku da muka cire ma gindi muka jera suka zama rami. Kowa na ba mai koyarwa jika biyar a wata.

To sati uku da suka wuce Guguwa na cikin tano sai wani Alhaji ya kwance ma babban karenshi irin na Jamus, berje alman, igiya ya hau waya, karen ya sheƙo ya tare bakin ramin, tana fitowa ya danne ta a ƙasa. Bai cije ta ba alhamdulillahi, amma ni raina ya ɓaci na ce mishi gaban mutane in bai iya riƙon kare ba ya zauna gida. Mutumin nan ya haife ni. Tun ranar ko gaisawa ba mu yi. Ita kuma da ta hango tano sai ta tsaya tana sunsunar ƙasa, tana hamma tana lasar hanci, abinci ma ba ta karɓa. Mai koyarwa ya ce taurin kai ne in fizgi igiya in tura ta ciki, na yi sau biyu ta fito wutsiya a matse, wallahi sai da na ji kunyar kaina. Yanzu tun daren Juma'a gabana ke fara faɗuwa.

Ɗan Adar, Tawa:
Wa alaikum salam. Kai ɗan uwa, wa ya ce maka ana tura karen Azawak? Mu nan da su muka tashi, tahi rugar Buzaye ka gani, karen na kwance nesa yana kallonka, ba ya zuwa gun baƙo sai ya ga dama. Akwai gudu, akwai riƙo kuma, abin da ka yi mishi yau yana nan har baɗi. Berje ka daka mai tsawa ya dawo yana kaɗa wutsiya, wannan ka daka mata tsawa sai ku yi sati ba ta kalle ka ba. Daina hizgar nan tun yau.

Maman Sultan, Kwara Kano:
Baban Nana sannu, nawa ma ya taɓa yin haka da katakon lilo. Hamma da lasar hanci da sunsunar ƙasa babu dalili, duk tsoro ne take gaya maka, kuma duk karen da ya ƙi abincin da yake so to ya wuce inda zai iya koyon komi. Abin da na yi: ka ja da baya da ita har inda za ta karɓi abinci tana kallon tano, ko taku talatin ne. Nan ne wurin aikinku. Ta kalli tano ka ba ta, ta yi taku ɗaya ka ba ta, minti biyar ku tashi tun ba ta gaji ba. In da hali ka samu tano guda ɗaya a gida, guda fa, don ta riƙa hango haske ta ɗayan bakin, ka jefa nama kusa da shi sannan a bakinshi sannan ciki, kar ka taɓa ta, ita za ta kai kanta. Kuma ka dubi hannunka, in gabanka na faɗuwa kana naɗe igiya a hannu ba ka sani ba, ita ko a wuyanta take jin labarin. Saki igiyar ta yi lanƙwasa. Nama kuma dafaffiyar hanta ƙanana kamar ƙwayar wake, ban da kilishi, yaji da albasa da tafarnuwa ba su yi ma kare kyau.

Sani Moto:
Ikon Allah, kare ma da lakkol har da kuɗin wata, mu namu ɗan kanzo kawai muke jefa mishi yana gadi lafiya lau 😂

Maman Sultan:
Sani ai ba yau aka fara ba, tun 1978 aka nuna wasan a bikin karnuka na Crufts a Ingila, kai ne labari bai iske ba.

Malam Baba, Bukoki:
Yaro, duk sun yi maganar karya sun bar ta Alhaji, ni ko ita ta fi damuna. Gaskiya taka ce amma ka zubar da ita da bakinka. Ka samu wani babba cikinku ya raka ka gidanshi bayan la'asar, ka gaishe shi ka ce Baba na yi kuskuren harshe a yafe ni. Kar ka kawo zancen karenshi ko kaɗan, shi ma ya san abin da ya yi, girma ne ya hana shi faɗa. Dokar fili kuwa ba aikinka ba ne, na wanda kuke biya ne. Ka same shi shi kaɗai, ba gaban ɗalibai ba, ka ce a sa ƙa'ida ga kowa: kare ɗaya ke cikin fili babu igiya, saura a ɗaure can gefe nesa da juna, kuma mai waya ya fita waje. In ta fito daga bakinshi ba wanda zai ce da shi ake.

Zali, mai aiki wajen likitan dabbobi:
Ƙari kaɗan. Karen da ya fi ta nauyi ya danne ta, su kuma Azawak ba tsoka mai yawa a baya, a duba mata kafaɗa da ƙugu, shiga tano sai da duƙawa, wataƙila ciwo ne ke hana ta. Ku duba takardar allurar haukan kare na duka bakwai ɗin. Sannan watan 4 da na 5 a Yamai zafi na wuce digiri 40, ku gama kafin ƙarfe takwas, ka ɗora bayan hannunka kan tano, in kai ba ka iya jurewa ita ma tafin ƙafarta ba ya iyawa. Zafi na sa kare saurin faɗa kamar mutum.

Baban Nana:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na je gidan Alhaji da wani yayanmu, tun ban gama magana ba ya ce ya wuce, har shayi muka sha, wai ashe shi ma karen ya taɓa kayar da shi a ƙofar gida. Mai koyarwa ya yarda da kare ɗaya a fili amma zancen fizga har yanzu yana kan bakanshi, na ce mishi ni dai a bar ni da tawa. Likita ya ce ba karaya. Na sayo tano a Katako, yau da safe ta sa kai da ƙafafun gaba ta ɗauki hanta ta fito da baya. Maman Sultan, in ƙara tura naman ciki gobe ko in bar shi nan tukuna?

Maman Sultan:
Bar shi nan kwana biyu. Ranar da ta ɗauka ta tsaya tana ci a ciki ba ta ja da baya ba, sannan ka ƙara taƙi ɗaya.