Lambun tsakar gida da zai ƙawata gida, kuma ya shiga tukunya

Uwargida daga Kano:

Assalamu alaikum. Muna da ɗan fili a tsakar gida, jikin katangar gabas, wanda rana take duka tun daga hantsi har la'asar. Maigida yana son a dasa furanni irin waɗanda ake sayarwa a bakin titi domin gidan ya yi kyau idan baƙi sun shigo, ni kuwa ina ganin asara ce a riƙa sayen ruwa wurin 'yan garuwa ana zuba wa abin da ba zai shiga tukunya ba. Shin akwai yadda za a tsara kayan miya su yi kyaun gani kamar lambun furanni, ba kamar gonar bayan gari ba? Muna kuma kiwon kaji.

Tsohon malamin gona, Zariya:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da maigidanki yake nema da abin da kike nema ba su saɓa ba, domin yawancin kayan miyarmu masu fure ne, sabo da su ne kawai ya hana mu lura. Kuɓewa tana fitar da fure mai ruwan ɗorawa da jan ciki, wanda yake buɗewa da safe ya yanƙwane kafin yamma, kuma danginsu ɗaya da furen nan ja da ake dasawa a ƙofar ofisoshi. Yakuwa ma haka take, sai dai ita ta fi, tunda karanta ja ne, ganyenta na miya ne, sannan idan kaka ta yi takan cika da soɓorodo jajaye daga ƙasa har sama.

Abin da ke bambanta lambu da gona shi ne jerin tsayi. Ki sa dogaye a jikin katanga, wato zogale biyu ko uku, amma ki riƙa sare kansu idan sun kai ƙirjin mutum, in ba haka ba za su miƙe siƙau, ganyen ya koma inda hannu ba ya kai. A gabansu ki jera yakuwa da kuɓewa, sai attarugu da barkono, waɗanda 'ya'yansu kore da ja a reshe ɗaya sun isa ado. A can bakin gaba ki shuka alayyafo, kina cuɗanya ja da kore. Kada ki tuge alayyafon idan za ki yi miya. Ki riƙa yankar sama, zai sake tofo, layin kuma ba zai yi giɓi ba.

Hajiya daga Maraɗi:

Bayanin Malam ya yi, amma lambun damina ya tsara miki, 'yar'uwa. Yakuwa da kuɓewa suna gama aikinsu su bushe, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, wurin da kika yi ta alfahari da shi zai koma ƙasa tsirara idan su kaɗai kika dogara da su. Don haka nake ganin gara a fara da masu daɗewa, sannan a cike tsakani da na lokaci. Rumman yana jure fari, furensa ja ne, ba ya kuma girman da zai dami katanga. Lemun tsami yana zama kore shekara duka. Shuwaka, idan ana aske ta, takan zama shinge mai kyau, haka ma ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake dafa shayi da ita. Mangwaro dai kada ki kuskura a ƙaramin fili, domin inuwarsa za ta kashe komai.

Latas, karas, kabeji da tumatir na hunturu ne. Ki shuka su daga Nuwamba, domin idan zafi ya shigo latas yakan yi tsiri ya yi ɗaci, tumatir kuma ya zubar da furensa.

Game da ruwa, ki ajiye tukwanen na'ana'a da ɗoɗɗoya kusa da inda ake alwala, ruwan da ke zuba ya ishe su. Na'ana'a a tukunya take zama, idan aka sa ta a ƙasa sai ta mamaye maƙwabtanta. Ruwan wanki mai omo kuwa ki nisanta shi da shuka, yana lalata ƙasa.

Uwargida daga Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura maganar kaji, kuma ina son sanin ko kashinsu zai yi mini taki.

Tsohon malamin gona, Zariya:

Hajiyar Maraɗi ta yi gaskiya, a fara da masu daɗewa. Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, amma ɗanyensa yana ƙona saiwa, saboda haka ki tara shi gefe guda tare da busasshen ganye, kina yayyafa ruwa, har sai ya ruɓe ya daina wari. Su kajin kuwa babu dabarar da ta wuce shingen waya, kuma ki rufe sabon tsiro da tsohon gidan sauro saboda ƙadangaru. Idan ƙwari suka kama ganye, ki daka 'ya'yan darbejiya ki jiƙa su kwana, ki tace, ki fesa da yamma, sannan ki wanke ganyen sosai kafin girki, domin yana barin ɗaci.