Mai kwana a Mararaba ɗan Abuja ne?

Injiniya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana, na kuma san za a yi mini ca, amma sai na faɗa. Duk wanda yake kwana a Mararaba, ko Ado, ko Masaka, ko Madalla, ko Suleja, don girman Allah ya daina gaya wa mutanen gida cewa a Abuja yake zaune. A Nasarawa kake, ko a Neja. Abuja aiki kake zuwa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Injiniya, ko shayi ba ka sha ba ka fara neman rigima?

Ɗan Masaka: Anti, ai shi yana da lokacin shan shayi. Mu tun kafin assalatu muke bakin titi.

Injiniya: Yauwa, ka faɗa da bakinka. Wanda yake Abuja ba ya sammako don ya je Abuja.

Maman Khalifa: To bari in tambaye ka. Ina ne mazaunin mutum, inda ya yini ko inda ya yi barci? Ni ana idar da sallar asuba nake fita, da takalmin ofis a jaka, silifas a ƙafa, saboda kokawar shiga mota ba ta son dogon takalmi. Gari yana waye mini ne tsakanin gadar Nyanya da Kugbo, mota na tafiya taku ɗaya ta tsaya, masu tallan ruwan leda da biredi suna wuce mu da ƙafa. A Sakatariya nake karyawa, a can nake azahar da la'asar, magariba a hanya. In na dawo yara sun yi barci da littafin aikin gida a hannu. Me na yi a Mararaba ban da kwanciya? Ƙarfina da lafiyata duk Abuja ce ta cinye su, sannan ka ce ko sunan ba zan taɓa ba?

Kawu Direba: Hajiya ta yi gaskiya. Kuma Injiniya, ka taɓa zuwa Abaji? Tana cikin ƙananan hukumomin birnin tarayya shida, ita da Kwali da Kuje da Gwagwalada da Bwari da ta cikin gari. Daga Sakatariya zuwa can wajen kilomita 100 ne, ka kama hanyar Lokoja sosai. Ni kuwa ran Lahadi da safe in na taso daga Sharp Corner a Mararaba, kafin rediyo ya gama labaran duniya na kai shataletalen AYA. Kana nufin mutumin Abaji ɗan Abuja ne, ni da nake hango duwatsun Asokoro ba ni ba ne?

Injiniya: Ran Lahadi ka ce, Kawu. Faɗa mana na Litinin.

Kawu Direba: Litinin kam sai dai addu'a.

Barista: Ku yi haƙuri in shigo. A wajen doka Injiniya bai yi ƙarya ba. An kafa yankin birnin tarayya ne da doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu 1976, zamanin Janar Murtala, bayan kwamitin Mai Shari'a Aguda ya ba da shawarar a tashi daga Legas. Aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na lokacin, aka shata iyaka. Nyanya tana ciki, Mararaba tana waje, a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Zuba tana ciki, Madalla tana waje. Mai rajistar zaɓe a Mararaba gwamnan da ke zaune a Lafiya yake zaɓa. Mu na ciki ba mu da gwamna ma, minista ake naɗa mana, sanata ɗaya gare mu da 'yan majalisar wakilai biyu. Har harajin albashi, doka ta ce na jihar da mutum yake zaune ne, ba inda ofishinsa yake ba.

Injiniya: Allah ya ƙara ilimi, Barista. A rufe taro da addu'a.

Barista: Tsaya tukuna, ban gama ba. A shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2023 an yi ta jayayya a kan ko dole ne ɗan takara ya samu kashi 25 a Abuja. Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'ar mutumin Abuja ba ta fi ta kowa ba. Saboda haka ka sassauta kafaɗa, babu wani rawani a ciki.

Ɗan Masaka: Barista dai ba a gane inda ya dosa sai an biya shi.

Kawu Direba: Ni ba na buƙatar taswira. Tun da aka hana acaɓa a cikin gari a 2006, lokacin El-Rufa'i yana minista, na san iyakar Abuja da idona. Duk inda ka sauka daga mota 'yan acaɓa suka yanyame ka suna "Oga ina zuwa", to ka fita daga Abuja.

Ɗan Autan Kubwa: A'a Kawu, kar a haɗa da mu. Kubwa akwai acaɓa, kuma a ƙarƙashin Bwari muke, cikin birnin tarayya tsundum. Har jirgin ƙasa na cikin gari yana zuwa mana.

Maman Khalifa: Jirgin da aka kai inda ba a fi buƙata ba. An ƙaddamar da shi a 2018, aka sake tayar da shi a 2024, yana bi ta Idu zuwa filin jirgin sama da wajenku. Hanyar da ta fi kowace cika da mutane, wato tamu ta Keffi, ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ba. Ɗan Auta, kai da kake shiga, ka taɓa rasa kujera?

Ɗan Autan Kubwa: Anti, ni dai a bar ni a cikin Abuja, sauran ku daidaita.

Baba Malam: Assalamu alaikum yarana. Na ga an ambaci Suleja a sahun farko, shi ya sa na ce bari in sa baki. Injiniya, ɗana, garin nan da nake zaune shi ne Abuja tun kafin a haifi kakanka. Bayan jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yo kudu, ƙaninsa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi da sunansa. Da gwamnati ta so sunan don sabon birni, sai aka bar mata, garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe sarkinmu Sarkin Zazzau ake ce masa. Dutsen Zuma da kuke bugawa a kalanda ku rubuta Abuja a ƙasa, wanda yake jikin takardar naira 100, a jihar Neja yake. Aron suna aka yi a wajenmu, yanzu kuma ɗan aro yana korar mai riga.

Kuma ni ina cikin waɗanda aka kwaso daga Legas lokacin da Janar Babangida ya tare a watan Disamba 1991. A lokacin wanda bai samu gidan gwamnati ba Suleja yake kwana, don a nan ake samun kasuwa da masallaci da mai sayar da tuwo. Da aka zo sayar da gidajen gwamnati zamanin Obasanjo, mai hali ya saya, marar hali ya tattara ya yi bayan gari. Aka yi ta rusau, aka ƙara tura mutane waje. Ba wanda ya zaɓi gosulo don sha'awa.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Baba, ni ba da ku nake ba. Da yaran nan nake.

Baba Malam: Da ni kake mana, ai sunan garina ka kira. Bari ma in ƙara maka. 'Yan asalin wurin, Gbagyi da Gwandara da Koro da Gade da sauransu, su ne suke da gonakin da aka gina Wuse da Maitama a kai. Wasunsu da aka tashe su ina aka kai su? Sabon Wuse, a jihar Neja. Wasu Sabon Karu, a Nasarawa ta yanzu. To je ka gaya wa tsohon da aka binne cibiyarsa a Wuse cewa shi ba ɗan Abuja ba ne, kai da ka zo bautar ƙasa ka maƙale ne ɗan gari.

Ɗan Masaka: Baba ya gama magana. Injiniya yana ta rubutu yana gogewa, ina gani.

Maman Khalifa: Tunda abin ya zama tonon silili, Injiniya, wannan Gwarimpar da kake tinƙaho da ita, ba bikiyun wani, wato ɗakin bayan gida na masu aiki, kake haya ba? Ɗaki ɗaya da 'yar barandar da matarka ta mayar kicin? Kuɗin da kake zubawa duk shekara, ga na ejan ga na lauya, a Masaka gida sukutum zai kama maka har da wurin kiwon kaji. Ranar sunan 'yarka da muka zo, a ƙofar gida muka tarar da ɗan ga-ruwa yana sauke jarkoki daga kura, irin namu sak. Wuta kuwa kamfani ɗaya ne yake ba mu duka, da ku da mu da Neja da Kogi. Kuma duk ƙarshen wata wa nake gani a Kasuwar Lemo ta Mararaba yana cika but da tumatur da doya?

Injiniya: Sayayya daban, zama daban, Hajiya.

Kawu Direba: To filin da na kai ka ka saya bara fa? Faɗa musu inda yake.

Injiniya: Kawu, wannan ai sirri ne tsakanina da kai.

Kawu Direba: Gaba da Masaka ne jama'a, an kusa Keffi. Har ya sa an zuba bulo.

Ɗan Masaka: Barka da zuwa maƙwabci! Amma ni wallahi in za a karɓe sunan nan a karɓe, na yafe. Ba abin da ya jawo mini sai asara. In na je gida da sallah, tun daga tasha ake cewa ɗan Abuja ya sauka. Gwaggo tana jiran atamfa, ƙanne suna jiran waya, abokai suna jiran a biya musu tsire, wani ma ya kawo takardunsa in samar masa aiki a ma'aikatar mai, ni da nake gyaran waya a Banex, kasuwar wayoyi ta cikin Abuja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da nake samu rabi a mota yake ƙarewa. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, kana riƙe da wayarka kana kallon fuskar kowa ko 'yan wancans ne, masu fashi a cikin motar haya. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 aka yi a 2024, mai wannan albashin da zai shigo gari kullum daga Masaka ban san me yake kai wa gida ba. Amma ka ce wa mutumin ƙauye ba ka da shi, sai ya ce Abuja ta koya maka rowa.

Maman Khalifa: Ka yafe yanzu ko? Lokacin neman aurenka me kawunnanka suka ce wa iyayen yarinya? Ni na raka amarya, ina jin tsohuwarta tana ta faɗa wa maƙwabta 'yarta ta yi miji a Abuja. Da muka sauka daga titi muka hau acaɓa da akwatuna a ka, yarinyar nan sai waige-waige take tana neman fitilun da take gani a talabijin.

Ɗan Masaka: Anti, ai na kai ta ta ga Babban Masallaci da sati ya zagayo.

Ma'aji: Na bi muhawarar nan tun daga farko ban ce uffan ba, amma ta zo mini a daidai. Kun san a taron da ya wuce an yanke gudummawar gyaran maƙabartar garinmu: mazauna Abuja naira 10,000, na sauran wurare naira 5,000. Na buɗe littafi yanzu. Maman Khalifa, Kawu, tunda kun kafa hujja mai ƙarfi, na rubuta ku a layin Abuja. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kawu Direba: Ma'aji, ka sake karanta bayanin Barista da kyau. Doka ce, ba ni na faɗa ba. Karu, jihar Nasarawa.

Maman Khalifa: Ni ma katin zaɓena na Nasarawa ne, in kana so in ɗauki hotonsa in turo.

Injiniya: Allahu Akbar! Yanzu kuma an koma Nasarawa? To Ma'aji, ni ma ka duba lamarina, tunda an tona cewa filina yana hanyar Keffi.

Ma'aji: Kai ne ma na fara rubutawa, da jan biro. Baba kuma tunda Abujarsu ce ta asali, ina tunanin ko a ninka.

Baba Malam: Ɗan fansho ake ninka wa? Ku ji tsoron Allah. Rubuta Suleja, jihar Neja, yadda gwamnati ta rubuta.

Barista: Shawarata a mayar da shi naira 7,500 a kan kowa, a huta.

Ɗan Autan Kubwa: Na goyi baya, ni ragi na samu.

Ɗan Masaka: Ni ƙari na samu, ban yarda ba. A kai maganar gaban shugaba.

Ma'aji: Shugaba tun ɗazu nake kiransa, ya ce yana cikin gosulo a Kugbo, cajinsa ya kusa ƙarewa. Kowa ya turo abin da ya san shi ne nasa kafin Juma'a, ranar Asabar zan liƙa sunaye da unguwar kowa a gefe.