Shin Cocin Katolika ta yarda da koyarwar juyin halitta?

Mahaifiya daga Sabon Tasha:
Ina gaida iyaye da malamai na wannan zaure. Ɗana yana aji biyar na sakandare, kuma an koya musu cewa halittu sun yi ta sauyawa daga wani iri zuwa wani a cikin miliyoyin shekaru, har da mutum. Yanzu yana tambayata ko amsa wannan a jarrabawa zunubi ne, tunda Littafin Farawa ya ce Allah ya yi komai cikin kwana shida. Ina roƙon a bayyana mini matsayin Cocinmu, domin ba na so in ba shi amsa da ka.

Katikis daga Kakuri:
Mama, ki kwantar da hankalinki, amsa wannan a jarrabawa ba zunubi ba ne. Tun a shekarar 1950 Paparoma Pius na 12 ya rubuta wasiƙar Humani Generis, inda ya ce ba a hana masana binciken yadda jikin mutum ya samo asali daga wasu halittu masu rai da suka gabace shi ba, muddin an riƙe cewa Allah ne da kansa yake halittar ruhun kowane mutum. A 1996 Paparoma John Paul na 2 ya ƙara da cewa hujjojin da aka tara sun sa wannan koyarwa ta wuce matsayin hasashe kawai. Abin da Coci ba ta amince da shi ba shi ne a ce mutum jiki ne zalla, ko kuma duniya ta kafa kanta ba tare da Mahalicci ba.

Game da kwana shidan, ki buɗe sura ta ɗaya tare da yaron, za ku ga sai a rana ta huɗu aka halicci rana da wata. Waliyyi Augustine, bishop ɗin Hippo a arewacin Afirka, ya lura da wannan tun ƙarni na biyar, ya fahimci cewa ba kwanaki irin namu ake nufi ba. Sura ta biyu ma ta kawo labarin da wani tsari dabam, inda aka fara yin mutum kafin dabbobi. Littafin yana koya mana wanda ya yi mu da dalilin yin mu ne.

Malamin bayoloji daga Barnawa:
Baba Katikis ya yi bayani mai gamsarwa. Ƙarin da zan yi, Mama, shi ne a gyara wa yaron kuskuren da ya yaɗu, wato cewa mutum daga biri ya fito. Abin da kimiyya ta ce shi ne mutum da manyan birai na yau sun haɗa kaka ɗaya da ya rayu miliyoyin shekaru da suka wuce. Ki kuma gaya masa cewa Gregor Mendel, wanda ya gano dokokin gadon halitta da yake karantawa a aji, limamin Katolika ne, haka ma Georges Lemaître na Beljiyam, wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa.

Ɗan'uwa daga Unguwar Rimi:
Ban gamsu gaba ɗaya ba, Baba. Idan mutane sun ɓullo ne a hankali daga taron halittu masu yawa, ina matsayin Adamu, kuma ta ina zunubin asali ya same mu? Manzo Bulus ya ce a Romawa 5:12 ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya.

Katikis daga Kakuri:
Ɗana, tambayarka ita ce mafi wuya a wannan batu, kuma ba zan sassauta ta ba. Pius na 12 ya ƙi amincewa da ra'ayin cewa muna da iyaye na farko masu yawa, domin ya ce ba a ga yadda za a daidaita shi da koyarwar zunubin asali ba, kuma masana tauhidi suna ci gaba da nazarin wannan. Katikizim na 1992, wato littafin koyarwar Cocin Katolika, a sakin layi na 390, ya ce labarin faɗuwar mutum a Farawa sura ta uku an ba da shi ne da harshen misali, amma yana tabbatar da wani abu da ya auku da gaske a farkon tarihin ɗan Adam, lokacin da iyayenmu na farko suka yi wa Allah rashin biyayya da son ransu.