Tarin fukan shanu: rigimar "lafiyayya" a zauren Tawa

Alhaji mai shanu: Jama'a, a gaya mini gaskiya. Saniya lafiyayya, tozo a tsaye, a yanka, malamin dabbobi ya tsaga huhu ya ce tarin fuka, a kwashe nama ba diyya ko dala. A haka ake son mutane su bar yankan ɓoye?

Malamin dabbobi: Alhaji, lafiyayya a idon wa? Ciwon nan yana iya shekaru a jiki kafin rama ta fito. Kaluluwar maƙogwaro da ta tsakanin huhu ake tsagawa: ƙulli rawaya kamar cuku, wuƙa na ƙaras-ƙaras a kai. In wuri guda ne, sashen ake cirewa. In ya bazu, naman duka.

Makiyayi: Mu dai wadda ke kiwo, tana tuƙa, tana ba da nono, lafiyayya ce. Kuma ana yi wa shanu allura duk shekara.

Malamin dabbobi: Baba, waccan allurar ta ciwon huhu ce, cuta daban. Tarin fuka gwaji ake yi. A aske tsakiyar wuya, a auna kaurin fata, a sa ruwan gwaji mai suna tubarkilin, mililita 0.1, a cikin fatar, a dawo bayan awa 72. In kaurin fatar ya ƙaru da milimita 4 ko fiye, ta kamu. Tsakanin 2 da 4 shakka ce: a ware ta, a sake bayan kwana 42. Inda ake ɓatawa: allura ta zarce ƙarƙashin fata, ko a duba rana ta biyu. Wadda ciwon ya cinye, ko mai sabuwar haihuwa, takan ƙi kumbura ko da ta kamu.

Mahauci: Ashe gwajin naku ma ba lafiyayye ba ne!

Hajiya mai nono: Malam, ka janye "kamar cuku". Da shi muke ci da yara.

Malamar asibiti: Hajiya, kamanni ya faɗa. Amma ɗanyar madara ce babbar hanyar ciwon zuwa mutum, a yara yakan fito a kaluluwar wuya. Tsamin nono ba abin dogaro ba ne. A tafasa, ko a riƙe ta a digiri 63 na minti 30.

Hajiya mai nono: Tafasasshiyar madara ba ta kama cuku, 'yata. Ku na ofis ba ku san wannan ba.

Malamar asibiti: Shi ya sa na ce 63.

Mahauci: Wa ke da ma'aunin zafi a ruga?

Alhaji mai shanu: Ni fa diyya na tambaya.

Shugaban zaure: A taƙaice: Malam da bakinsa ya yarda gwajinsu na kuskure, kuma har yanzu bai ba Hajiya haƙuri ba. Mu mahauta an wanke mu. Batun diyya sai wani jiƙon. Na rufe.