Zuwa aiki a keke: yaya kuke yi da gumi?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na koma zuwa aiki a keke, tafiyar kamar kilomita 8, kuma ina jin daɗinta ƙwarai. Damuwata gumi. Kafin in isa, bayan rigata ya jiƙe sharkaf, daidai inda jakar goyo ke kwanciya, ga shatin madaurinta a kafaɗu. Abin mamaki, sai na sauka ma gumin ke ƙara tsattsafowa. Wurin aikinmu babu banɗakin wanka. Wane kaya kuke sawa?

Mai Kariya:
Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa, fara da sauke jakar nan daga bayanka. Ita ke toshe iskar da za ta busar da kai. Ka sa wa keken kariya, wato abin ɗora kaya na bayan sirdi, ka ɗaure ta a can, rabin matsalar ta kau.

Sannan kada ka hau da kayan da za ka wuni da su. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ba ta bushewa da wuri. Ni rigar 'yan ƙwallo nake sawa, yadin foliyesta, minti kaɗan ta bushe. Aibinta saurin tsami, sai wanki kullum. Rigar aiki kuwa nannaɗe ta nake yi kamar tabarma, ba ninkewa ba, don kada gugar ta lalace.

Dattijon Hanya:
Gumin bayan sauka ba ciwo ba ne, yaro. Jikinka da sauran zafi, iskar gudu kuma ta ɗauke. Saboda haka ka sassauta a kilomita ɗaya na ƙarshe, ka sa giya marar nauyi. Ka isa da wuri, ka sha ruwa, ka jira kamar minti 10 a inuwa. In ka yi gaggawar sauya riga, sabuwar ma jiƙewa za ta yi.

Kuma ka yi wanka kafin ka fito. Sabon gumi ba ya wari, ƙwayoyin bakteriya na fata ne ke kawo shi, musamman a hammata. Jiƙaƙƙen tawul ya isa gogewa. Turare a kan gumi kam, ban ba ka shawara ba.

Sabon Mahayi:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Wando fa?

Mai Kariya:
Marar nauyi. Ɗinkin jins mai kauri yana goge cinya a kan sirdi. Ƙafar wandon ta dama kuma ka cusa ta cikin safa, nan ne ɓangaren sarƙa, kada ta cafke wandon ko baƙin mai ya ɓata shi.