Wa ya taɓa zama a ma'adanar tarihi ta Jami'ar Nevada da ke Las Vegas?

Ɗan Gusau a Arizona:
Assalamu alaikum jama'a. Ina digiri na biyu a fannin haƙar ma'adinai, kuma malamina ya ce kafin in rubuta babin tarihi sai na je Las Vegas na duba takardun tsofaffin garuruwan haƙar zinare da ke ajiye a jami'arsu. Da na gaya wa Inna a waya, shiru ta yi, sannan ta ce me ya haɗa ni da garin 'yan caca. Duk wanda ya taɓa shiga wurin, don Allah ya ba ni labarin abin da ya tarar.

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwana 5 na yi ina zuwa. Wurin yana hawa na uku na ɗakin karatun Lied, wanda aka buɗe a 2001. Jakarka za ka ajiye, fensir kawai ake shiga da shi, sai a turo maka akwatunan kwali a kan ɗan keke. Ka aika musu saƙo tun kafin ka taso, ka faɗi akwatunan da kake so.

Ni ruwa ne ya kai ni. Sunan garin da Sifaniyanci yana nufin fadamu, saboda idanun ruwan da ke ɓuɓɓugowa a tsakiyar hamadar, inda 'yan ƙabilar Paiute suka daɗe suna zaune. Wata mata, Helen Stewart, ta sayar wa kamfanin jirgin ƙasa gonarta a 1902 kan dala 55,000, sannan ranar 15 ga Mayu 1905 kamfanin ya yi gwanjon filaye, gari ya tashi. Ruwan shan garin kuma a hannun wani reshe na kamfanin ya zauna shekara da shekaru. Takardun kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific suna nan: wasiƙun wakilinsu Walter Bracken zuwa ga shugabanninsa, maganar bututu, maganar ƙarancin ruwa da bazara, maganar masu barin famfo a buɗe. Takardun sirara ne, irin kwafin da ake bugawa da keken rubutu, wasu har kana hango yatsanka ta bayansu. Na yi yini guda a kan fayil ɗaya ban gaji ba. Garin da ruwan samansa bai wuce kimanin milimita 100 a shekara ba, ka ga kuwa duk siyasarsa a bakin famfo take.

Injiniya Mai Ritaya:
Yaro, abin da kake nema yana nan, amma ga shawarata: ka fara ganin hotunan, sannan ka kama hanya ta 95 ka je ka ga wuraren da idonka. Haka na yi. An gano azurfa a Tonopah a 1900, zinare a Goldfield a 1902, sai Rhyolite a 1904. Wajen 1906 Goldfield ta tara mutum kusan 20,000, ta fi kowane gari a jihar. A hoto za ka ga titi cike da keken doki da alfadarai, maza da huluna ba masaka tsinke. Da na isa Rhyolite, kimanin kilomita 190 daga Las Vegas, kufai na tarar. Bangon bankin Cook mai hawa uku yana tsaye ba rufi, iska tana shiga ta taga tana fita ta wata. Gidan da aka gina da kwalabe da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ne suka rage da kamanninsu. Kafin 1920 garin ya watse.

Abin da ya fi tsaya mini a rai takardun hannun jari ne. An ƙawata su da zane da hatimi kamar takardar kuɗi, alhali wasu kamfanonin rami kawai suka tona suka sayar wa mutanen nesa da fata. Ka karanta su tare da taswirar filayen haƙa, za ka gane wane ne ya haƙi ƙasa, wane ne ya haƙi aljihun jama'a.

Alhaji na Bronx:
Na ma'adinai da na ruwa na gane amfaninsu. Amma caca fa haramun ce. Mene ne na tara tarihinta a jami'a kamar abin alfahari?

Direba a Vegas:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, bari in ce wani abu, shekarata 14 ina tuƙi a garin nan. Ban taɓa sa ko sisi a na'urar caca ba, kuma na ɗauki mutanen da suka shigo motata da asuba suna kuka, albashin wata ya tafi a dare ɗaya. Ba wanda zai koya mini sharrinta. Amma abin da ke ajiye a wurin nan ya wuce talla. Jihar ta halatta caca a 1931, shekarar da aka fara ginin madatsar ruwa ta Hoover. Daga baya 'yan daba masu manyan kuɗi suka shiga harkar, har gwamnati ta kafa hukumar sa ido a 1955, ta ƙara wata a 1959. Akwai rubuce-rubuce kan wannan, akwai kan masu jarabar caca da yadda take rusa gida. Wanda zai yaƙi abu ai sai ya san yadda ya yi saiwa.

Ni 'yata ce ta kai ni, an ba su aikin makaranta kan Westside, tsohuwar unguwar baƙaƙen fata. Muka zauna muka karanta hirarrakin da cibiyar tarihin baka ta tattara, wadda Claytee White ta fara jagoranta a 2003. Tsofaffin baƙaƙen fata ne suke ba da labari da bakinsu. Da yawa daga Fordyce ta Arkansas da Tallulah ta Louisiana suka zo lokacin yaƙin duniya na biyu, neman aiki a masana'antar magnesium ta Henderson. Matan su ne masu gyaran gado da wanke banɗaki a manyan otal-otal, amma ba su da ikon shiga ta ƙofar gaba. Hatta mawaƙan da suka cika zauren da jama'a, in an tashi Westside suke komawa su kwana. Otal ɗin Moulin Rouge da aka buɗe a 1955 ya karɓi kowa da kowa, bai shekara ba ya rufe. Sai a Maris 1960, da likitan haƙori James McMillan da ƙungiyarsu ta kare haƙƙin baƙaƙen fata suka ce za su yi zanga-zanga, aka zauna aka amince a buɗe ƙofofin.

'Yata tana karantawa ta ɗago kai ta ce, "Baba, nan ne fa inda kake sauke fasinja kullum." Wallahi sai da na cire tabarau na goge ido. Matata ma gyaran ɗaki take yi a otal, 'yar ƙungiyar ƙwadago ta 226 ce, kuma hotunan ƙungiyar suna wurin, har da na yajin aikin otal ɗin Frontier da aka yi daga 1991 zuwa 1998.

Kuma Alhaji, garin nan da nakiya yake rushe gine-ginensa. Cikin manyan otal-otal, Dunes ta tafi a 1993, Sands a 1996, Stardust a 2007. In ba don akwatunan nan ba, da ba abin da zai nuna wa jikokin matan nan inda kakanninsu suka zubar da gumi.

Alhaji na Bronx:
To, na ji wannan. Allah ya yi wa yarinyar albarka.

Ɗiyar Arlit:
Ni ban taɓa taka Amurka ba, daga Yamai nake shiga ta intanet, don sun sa abubuwa da yawa kyauta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ramin uranium ya yi wa aiki, shi ya sa na nemi hirarrakin ma'aikatan filin gwajin nukiliya na Nevada. An fara gwaji a can ranar 27 ga Janairu 1951, aka yi 928 kafin a daina a 1992, guda 100 a sararin sama, sauran a ƙarƙashin ƙasa. Masu haƙar ma'adinai ne suka tona ramukan. An yi hira da su, da masana kimiyya, da masu zanga-zanga, da mutanen da iska ta kai wa ƙurar. Wani tsoho yana bayanin zafin cikin rami da ƙura a maƙogwaro, na ji kamar Baba ne a tsakar gida bayan isha'i. Mu ba mu taɓa ɗaukar muryarsa ba. Satin da ya wuce na kai wa ƙaninsa ziyara da waya a hannu, ya yi mini magana ta awa 2.

Ɗan Gusau a Arizona:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Inna abin da Baba Direba ya rubuta, ta ce in je, Allah ya tsare. Na aika musu saƙo kan akwatunan Goldfield. Baba Injiniya, daga Rhyolite zuwa Goldfield yini ɗaya zai ishe ni, ko in kwana a garin Beatty da ke kusa da Rhyolite?

Injiniya Mai Ritaya:
Ka kwana a Beatty, ka shiga Rhyolite da sassafe kafin rana ta buɗe. Ka cika tanki, ka ɗauki ruwa galan biyu.